Ku Tambayi Anti: Tumbi ya sauka amma ciki ya ɗaure, ina masu keto za su samo faiba?

Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk ƙofa ɗaya suke bugawa, masu keto ne, wato tsarin yanke sitaci da suga a dogara da mai da nama, da masu rage kabohaidiret, kowa da nasa salon faɗa amma in kin tattara kukan ɗaya ne, bayan gida. Sai na zaɓo guda biyar na haɗa su waje guda. Kamar kullum bana saka sunan kowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min wallahi abin kunya ne ma faɗarsa. Sati biyar kenan da na fara keto, na daina shinkafa da burodi da taliya da dankali, wake ma na daina, ko 'ya'yan itace bana taɓawa. Da safe ƙwai da bota, da rana kaza ko kifi, da dare nama da ɗan latas a gefe. Alhamdulillah na sauke kilo huɗu har kayana na da sun fara shiga, amma Anti sai nayi kwana huɗu biyar ban zaga ba, in kuma na shiga sai nayi minti ashirin ina nishi abin da zai fito bai wuce kamar kashin akuya ba, yanzu har na fara jin zafi ina tsoron kar basir ya kamani. Maigida yace in bar wahalar da kaina in dawo cin abinci irin na mutane. Ya zanyi? Daga wata uwar yara uku.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, babu wani abin kunya a ciki, wanda duk ya ci sai ya zaga. Barka da kilo huɗu, amma kinga tsugune bata ƙare ba, a zahiri ma kuwa.

Ki sake karanta jerin abincin da kika rubuto min. Ƙwai, bota, kaza, kifi, nama. Duk cikinsu babu wanda yake da faiba ko giram ɗaya, sifili ne, domin faiba daga tsiro kawai take fitowa, dabba bata da ita. Su kuma waɗanda kika kora daga kicin ɗinki, musamman wake da hatsi da 'ya'yan itace, su ne dama suke kawo miki ita ba tare da kin sani ba. Kenan kin kori sitaci sai faiba ta bi shi suka tafi tare, kuma wannan shi ne kuskuren da kusan kowa yake yi a farko, ni ma nayi.

Abin da mutane basu gane ba shi ne faiba ita ma kabohaidiret ce, sai dai irin wadda cikin ɗan Adam baya iya narkar da ita ta koma suga. Wucewa take ta ƙaramin hanji yadda ta shiga har ta isa babban hanji. A can wata ta tsotsi ruwa ta yi yauƙi ta tausasa bayan gida, wata ta ƙara masa auki hanji ya samu abin turawa, wata kuma ƙwayoyin halittar da suke zaune a hanji su cinye ta su fitar da wasu sinadarai, ɗaya daga ciki ana ce masa butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin kansa. Tunda bata komawa suga, bata fitar da mutum daga keto. Shi yasa masu lissafi suke cire ta daga jimillar kabo, wato kabohaidiret, ragowar kawai suke ƙirgawa cikin giram 20 zuwa 50 ɗin da aka saba ɗibar wa mai keto a rana.

Nawa ake so ki ci? Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2023 tace babba ya samu aƙalla giram 25 a rana. A Ingila 30 suke cewa tun 2015. A Amurka kuma 25 ga mace, 38 ga namiji. Ke yanzu da ɗan latas ɗin nan na gefen faranti ina shakkar ko kina kai giram 3.

Bari in tsaya a kan latas ɗin domin shi ne yake yaudarar mutane, sai mutum ya ga kore a faranti yace ai ina cin ganye. Latas irin mai dunƙulewar nan, giram 100 nasa faibar ciki bata wuce giram 1 da ɗan ɗoriya ba, kusan duk ruwa ne. In da shi kaɗai zaki dogara sai kin ci kilo biyu a rana. Kokwamba ta fi shi ma rashin auki, rabin giram ne a giram 100, ita sai kin ci kilo biyar, ke ba zomo ba. Ba nace ki daina cin su ba, ki dai daina lissafa su.

Inda faibar take a cunkushe shi ne 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da ake rainawa. Ƙwayar ciya, wadda ake rubutawa chia a turance, babban cokali biyu masu tozo wato wajen giram 28, tana da faiba wajen giram 10, kabon da za'a ƙirga miki kuma giram 2 kacal. Filaksid, wata 'yar ƙwaya da ake rubutawa flaxseed a turance, shi kusan duk kabon cikinsa faiba ne, amma sai an niƙa, in kika haɗiye shi gudansa yadda ya shiga haka zai fita. Sai fiya, wadda wasu ke kira abokado, giram 100 nata faiba kusan 7, kabon lissafi bai kai 2 ba, ni a ganina ita ce sarauniyar wannan harka domin ga mai ga faiba ga ƙoshi. Almon, wato ƙwayar nan mai kama da gyaɗa, cikin tafin hannu ɗaya faibarsa giram 3 da rabi. Riɗi da gyaɗa da kwakwa suma suna da ita sosai, sai dai su a ɗan kama hannu saboda kalori ɗinsu da yawa kuma in an fara ci ba'a iya tsayawa.

Ga misalin rana ɗaya ki gani da ido. Da daddare ki jiƙa ciya cokali biyun nan a kofi, da safe ki sha tare da ƙwanki, 10 kenan. Da rana ki yanka rabin babbar fiya a gefen kifin, ya zama kusan 17. Ki soya kabeji giram 200 sama-sama da ɗan mai, wani 5 ɗin, 22. Da dare burokoli giram 150 a gefen naman, wani 4, sai almon ɗin nan in kwaɗayi ya taso da yamma. Kin tashi da wajen giram 29 na faiba, kabon lissafi kuma wajen 19. In kin ga ya matse miki da yawa ki sauya kabejin da alayyahu, shi kabonsa ƙasa yake sosai. Kuma ki dafa ganyen, kar ki ce sai ɗanye. Ranar da na fara aunawa na cika tukunya taf da alayyahu har murfi baya rufuwa, minti uku a wuta na buɗe naga abin ya koma bai fi cikin ludayi biyu ba, na tsaya ina kallonsa kamar an min sata. Amma fa faibar tana nan bata je ko'ina ba, ruwa ne ya fita, kinga abin da bazaki iya taunewa ɗanye ba kin cinye shi a loma biyar.

Saura abu guda wanda ba na faiba bane kuma shi ne rabin matsalarki. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, kowane giram na wannan ajiyar yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Da kin yanke kabo sai ajiyar ta ƙone ruwan ya bi fitsari, sannan insulin ya sauka ƙoda ta fara zubar da gishiri, ruwa ya sake bin gishirin. Kar ranki ya ɓaci amma wani kaso na kilo huɗun nan ruwa ne. To jiki in ya rasa ruwa babban hanji yake komawa ya matse na cikin bayan gida, shi ne kike ganin kashin akuya. Ki ƙara shan ruwa har fitsarinki ya yi haske, kuma kar ki ƙaurace wa gishiri a girki, sai fa in kina da hawan jini ko ciwon ƙoda, nan likitanki ne mai magana ba ni ba. Ki dinga ɗan tattaki bayan cin abinci, kuma in ya matso ki kar ki ce bari in gama wanke-wanke, ki tafi.

Shi kuma maigida ki gaishe shi, ki ce masa kabeji da fiya ma abincin mutane ne. In kinga jini a bayan gida, ko ya koma baƙi ƙirin, ko ciwon ciki mai tsanani da amai, ko kin gyara duk wannan sati biyu uku babu canji, asibiti zaki je kar ki sake rubuto min.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni namiji ne, a wayar madam nake karanta shafinki. Ina duba bayan kwalin abinci in cire faiba daga kabo kamar yadda ake cewa, to ranar nan na sayi wani garin filaksid an rubuta kabohaidiret 2, faiba 27, dana cire sai lissafi ya bani ƙasa da sifili. Ni ne ban iya lissafi ba ko su ne suka yi kuskure?

AMSA: Malam lissafinka daidai ne, su ma basu yi kuskure ba, ƙasar da aka buga kwalin ce ta bambanta. A Amurka da Kanada in sun rubuta jimillar kabohaidiret to faiba tana ciki, zaka ganta a ƙasansa an ɗan turo ta gefe, a nan ne kake cirewa. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun riga sun cire maka, faiba layinta daban take da shi, lambar kabon da ka gani ita ce ta lissafi kai tsaye. Naka kwalin irin na biyun ne. Da sauƙi da abin ya faɗo a kan filaksid har ka lura, wani a kan biskit yake yin wannan cirewar sau biyu, yana murna yana cin giram 5 alhali 12 yake ci.

Tunda ka taɓo kwali bari in ƙara maka. Kayan zaƙin nan da ake rubuta musu keto da manyan baƙaƙe, ka dinga karanta abin da aka haɗa su da shi. In kaga maltitol ka sani yana ɗaga suga duk da ba kamar sukari ba, kuma in ya yi yawa gudawa yake sawa. In kaga inulin ko saiwar cikori, faiba ce ta gaske amma tana da saurin cika ciki da iska, wasu ko kaɗan basa jure ta.

TAMBAYA: Anti ni kam faibar ce ta kusa kasheni. Naji ana yabon siliyom da ciya sai na sayo duka biyu, ranar farko na zuba cokali uku na wannan uku na wancan na shanye, wallahi kwana nayi cikina kamar ganga, ga tusa ga murɗa, ban kuma zaga ɗin ba. Na watsar dasu. Ko dai jikina ne baya so? Ƙanwarki ɗaliba.

AMSA: Ƙanwata ba jikinki bane, gaggawa ce. Hanjin da ya saba da giram 5 kika sauke masa sama da 20 a zama ɗaya, ƙwayoyin halittar ciki suka samu biki, iskar da kika ji aikinsu ne. Su ma sabo suke buƙata, ki basu sati biyu zuwa uku, ki fara da ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rana, bayan kwana uku huɗu in ciki lafiya ki ƙara wani.

Siliyom ɓawon ƙwayar wani tsiro ne, mafi yawansa daga Indiya yake fitowa, can isabgol suke ce masa. Yana da kyau ƙwarai, kusan duk faiba ce mai yauƙi, kuma ya fi sauran rashin tada iska domin ƙwayoyin hanji basa cinye shi sosai, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda tun 1998 a dinga rubuta cewa yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya saboda yadda yake sauke kolestarol. Amma sharaɗinsa ruwa. Kowane cokali sai da kofi cike, wajen mililita 250, ki juya ki shanye nan take ki bi shi da wani ruwan. Ni na taɓa zubawa a rabin kofi sai waya ta yi ƙara, kafin in gama gaisawa in dawo ya kame, na tsayar da cokali a tsakiya ya tsaya ƙyam bai faɗi ba. To ki ƙaddara wannan a cikin hanjin da babu ruwa, maimakon ya buɗe hanya sai ya zama shi ne toshiyar. Ciya ma haka, tana shan ruwa ninkin nauyinta wajen sau goma, kar ki taɓa watsa ta a baki busasshiya ki kora, tana iya kumbura a maƙogwaro, ki jiƙa ta tukuna ko minti ashirin ne. Mai wahalar haɗiya kuwa ya bar su duka biyu sai ya ga likita.

In kina shan wani magani ki raba shi da siliyom da aƙalla awa biyu, domin yauƙin yana iya riƙe maganin ya hana shi shiga jiki yadda ya kamata.

TAMBAYA: Anti akwai wani bature da nake kallo a YouTube, shi nama da ƙwai kawai yake ci shekara da shekaru yace faiba ƙarya ce, babu wanda yake buƙatarta, kuma gashi garau. Me zaki ce?

AMSA: Zance ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, amma ya ɗauki loma ya kira ta akushi. Gaskiya ne babu wata cuta ta rashin faiba irin yadda rashin bitamin C yake da tasa, mutum bazai faɗi ya mutu ba. Gaskiya ne kuma akwai masu bushewar cikin da in sun rage faiba suke samun sauƙi, an taɓa yin wani ɗan bincike a Singafo a 2012 a kan mutum 63 da ya nuna haka, shi ne masu wannan ra'ayi suke yawan ɗagawa. Sannan wanda yake cin nama zalla dama abin da zai rage ya fita kaɗan ne, in ya yi kwana biyu bai zaga ba kuma babu tauri babu nishi to ba bushewar ciki bane, likitoci suna ɗaukar daga sau uku a rana har zuwa sau uku a sati a matsayin lafiya.

Amma ɗora mutum 63 a sikeli ɗaya da wannan. A 2019 mujallar Lancet ta buga wani babban nazari da masana na jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan suka yi, suka tattara bincike 185 na bin diddigin mutane da gwaji 58, suka ga masu cin faiba da yawa sun fi masu cin kaɗan tsira daga ciwon zuciya da shanyewar jiki da ciwon suga da kansar hanji da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, amfanin kuma ya fi fitowa daga giram 25 zuwa 29 a rana. Maganar ma ba sabuwa bace, tun shekarun 1970 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt da ya daɗe yana aiki a Yuganda yake ta faɗa, har aunawa ya dinga yi yana kwatanta nauyin bayan gidan mutanen karkarar Afirka da na turawan Ingila. In zanyi adalci dole in faɗa maka mutanen cikin waɗancan binciken daga abinci suka samu faibarsu, hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itace, ba daga garin da ake sayarwa a roba ba, shi yasa nake nacewa a kan faranti kafin cokalin siliyom. Shi baturen naka mutum ɗaya ne a gaban kyamara, kuma wanda abin bai karɓe shi ba ba ya buɗe tasha.

TAMBAYA: Salam Anti, mahaifiyarmu tana da ciwon suga tana shan magani har da allurar insulin, naga keto tana sauke suga shi ne nake so in ɗora ta a kai in haɗa mata da su ciya da siliyom ɗin nan. Ya kika gani?

AMSA: Allah ya saka miki da alheri da kula da Mama, ya bata lafiya, amma dan Allah kar ki fara sai kun zauna da likitanta. Allurar da take yi an auna ta ne daidai da abincin da take ci yanzu, in kika janye kabo rana ɗaya allurar tana nan yadda take, suga zai iya faɗuwa ƙasa warwas, rawar jiki da gumi da ruɗewa har suma, kuma ga tsoho wannan ya fi hawan sugan saurin illa. Ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid suma haka suke yi. Akwai kuma wasu sababbi da suke fitar da suga ta fitsari, irin su emfagilifulozin da dafagilifulozin, waɗannan in aka haɗa su da keto suna iya sa jini ya yi tsami ya kai mutum gadon asibiti alhali na'urar gwaji tana nuna suga lafiya lau, shi ne abin tsoron.

Abin da zaki iya yi tun yau ba tare da kin taɓa maganinta ba shi ne ƙara mata dafaffen ganye da kabeji da 'yar fiya a gefen abincin da ta saba, kaɗan-kaɗan, da ruwa. In tana shan wafarin na tsinka jini to ganyen ma kar ki yawaita shi farat ɗaya saboda bitamin K na ciki yana rage ƙarfin maganin, in kuma ta taɓa yin tsakuwar ƙoda ki sassauta alayyahu da almon. Ranar ganin likita ki kwashi kwalayen magungunan duka a leda ki tafi dasu, harda waɗanda take sha ba shi ya rubuta ba, da littafin da kuke rubuta gwajin suga na safe, sai ki faɗa masa abin da kike son yi ya gyara mata awon allurar da kansa.